Pinot Noir a Teburin Baƙo: Nazarin Wata Al'adar Hidima

A manyan gidajen cin abinci na Faransa akwai ma'aikacin da ba ya dafa komai, ba ya ɗaukar faranti, aikinsa giyar inabi kawai: ya sayo ta, ya adana ta, ya ba baƙo shawarar wadda za ta dace da abincinsa, ya zuba. Someliye ake kiransa. Musulmi ba ya shan giya, ba ya zuba wa wani, hukuncin a fili yake, kuma wannan rubutu bai zo kwaɗaita wa kowa ba. Amma sana'ar tana da tarihi da ƙa'idoji, kuma wanda ke son fahimtar yadda Bafaranshe ke girmama baƙo zai ga abubuwa da yawa a cikinta. Babu inda gwaninta ko kasawar someliye ke fitowa kamar wajen Pinot Noir.

Inabi ne mai siririyar fata, gidansa yankin Burgundi da ke gabashin Faransa, musamman gangaren tuddan Kot-Dor, daga kudancin birnin Dijon zuwa gaba da garin Bon. Siririyar fatar nan ita ce tushen halinsa. Launi da bauri daga fata suke fitowa, saboda haka giyarsa ja ce garai-garai, baurinta kaɗan ne, ba ta kama baki irin kamun ɗanyen goro, amma tana da tsami da ƙamshi mai saurin gudu. Ruhubanawan Kirista na gidan ibadar Sito, wanda aka kafa a 1098, sun shafe ƙarnuka suna noma waɗannan gangare, suna lura da yadda gonar da ke nan ta bambanta da wadda ke bayan katanga. A 1395 mai mulkin Burgundi, Filip, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin Gamay daga ƙasarsa don a bar wa Pinot fili. Rabe-raben gonakin da aka gada tun wancan zamani, guda 1,247, su ne UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Daga nan wahalar mai hidima ta farko take tasowa. Kwalbar Burgundi galibi ba ta ɗauke da sunan inabin, sai sunan ƙauye ko na gona. Baƙon da ya ce a kawo masa Pinot Noir yana iya duba jerin giyar gidan daga sama har ƙasa bai ga kalmar ba, alhali shafi guda cur ita ce: Gevrey-Chambertin, Volnay, Pommard, Vosne-Romanée. Ga kuma matakan daraja huɗu, na yanki, na ƙauye, sai premier cru, sai grand cru, kuma farashi na iya ninkawa sau goma tsakanin gonaki biyu da hanyar keke ce ta raba su. Gonar Romanée-Conti ba ta kai hekta 2 ba, amma a 2018 an sayar da kwalbarta guda ta shekarar 1945 a wani gwanjo a New York kan dala 558,000. Mutumin da ya gayyato surukai cin abinci yana tsoron abu biyu: kada a gane bai sani ba, kada kuma kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa.

A ganina a nan sana'ar take, sauran duk ado ne ko kusa da haka. Gwanin someliye ba ya tambayar mai gayya nawa zai iya kashewa a gaban baƙinsa. Yakan buɗe jerin, ya ɗora yatsa kusa da farashi biyu ko uku, ya ce, "Yallaɓai, irin wannan kake so, ko irin wannan?" Mai gayya ya nuna, magana ta ƙare, asiri ya rufu. Sannan ya tambayi abin da za a ci. Pinot ya yi suna a matsayin mai raba gardama: idan wani ya nemi kifin salmon, wani agwagwa, wani kaza, kwalba ɗaya na iya tafiya da su duka, saboda ƙarancin baurinsa ba ya faɗa da kifi. Abinci mai yaji sosai kuwa danne shi yake yi, kuma mai gaskiya zai faɗa, ko da kwalbar da zai ba da shawara a madadinta ta fi araha.

Zaɓin ma ya faɗaɗa. David Lett ya dasa Pinot a kwarin Wilamet na jihar Oregon ta Amurka a 1965, kuma bayan giyarsa ta yi fice a wata gasa a Paris a 1979, gidan Drouhin na Burgundi ya sayi fili a can a 1987. Jamus na nomansa da sunan Spätburgunder, Niu Zilan ma na nomansa a Otago. Fim ɗin Sideways na 2004, wanda jaruminsa ke yabon Pinot yana kushe inabin Merlot, ya jawo masa kasuwa a Amurka, ya kuma cika kantuna da kwalabe masu zaƙi-zaƙi da ba su yi kama da na Burgundi ba. Don haka baƙi biyu na iya ambaton suna ɗaya suna nufin abu biyu, kuma gano wanda ake nufi aikin mai hidima ne.

Tsarin zubawa sananne ne. A nuna wa mai gayya tambarin kwalba, a yanke rufin kai, a zare toshiyar ba ƙara, a zuba masa ɗan kaɗan ya ɗanɗana, a zagaya baƙi ta hannun dama, shi ya zama na ƙarshe. Mutane da dama na ɗaukar ɗanɗanon nan a matsayin tambayar ko giyar ta yi masa daɗi, amma manufarsa gano aibi ce, musamman warin ruɓaɓɓen kwali da wani sinadari mai suna TCA ke sa wa giya ta hanyar toshiya. Idan akwai shi a canza kwalba ba musu. Sansanar toshiyar da wasu ke yi da yatsine fuska kuwa, wasan kwaikwayo ne kawai.

Abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne sanyi, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Tsohuwar ƙa'idar da ta ce a sha jar giya da ɗumin ɗaki ta fito ne daga gidajen dutse na Turai kafin na'urar ɗumama ɗaki. Pinot na son digiri 13 zuwa 16. Idan ya haura 20 ƙamshin ya watse, zafin barasa ya rufe komai, kuma wannan matsala ce ta kullum ga manyan otal-otal na ƙasashe masu zafi, daga Abuja zuwa Dakar, inda kwalba kan kwana a kan kanta. Kofinsa mai faɗin ciki ne da ɗan tsukakken baki, ana zuba kashi ɗaya cikin uku domin ƙamshi ya sami wurin taruwa. Claus Riedel na Ostiriya ya ƙera wa giyar Burgundi irin wannan kofi tun 1958, ko da yake ikirarin cewa kowane inabi sai da kofinsa ya fi kama da dabarar kasuwa.

Inda masana suka rabu shi ne juye giyar cikin wani tulun gilashi kafin a zuba. A yankin Bodo na Faransa abu ne na yau da kullum. Mutanen Burgundi da dama suna ƙi, suna cewa iska na cinye ƙamshin tsohon Pinot cikin ɗan lokaci, gara a kwantar da kwalbar cikin kwando a zuba a hankali don kada abin da ya kwanta a gindinta ya tashi. Matasan someliye kuwa sukan juye sabuwar giya wadda ƙamshinta bai buɗe ba. Kowane ɓangare na da hujja, shekarun kwalbar ne ke yanke hukunci: 'yar shekara uku ba za ta cutu da rabin awa a tulu ba, 'yar shekara talatin kuwa a buɗe ta dab da lokacin da abinci zai iso tebur.