Gwanintar Ɓoye Dodo

A fim ɗin Alien na shekarar 1979, sai an shafe kusan awa guda ana kallo kafin dodon ya ɓullo, kuma ko a lokacin ɗan tsurut ne. Darakta Ridley Scott da marubuci Dan O'Bannon sun ƙarar da wannan lokaci kan mutum bakwai ma'aikatan jirgin dakon kaya na sararin samaniya mai suna Nostromo. Ma'aikatan sun farka daga dogon barci, suna cin abinci, suna gardama. Parker da Brett, masu gyaran inji, ba su da zance sai ƙorafin cewa kasonsu na kuɗin aiki bai kai na sauran ba. Kafin a taɓa ko ɗayansu, mai kallo ya san wane ne mai tsiwa, wane ne matsoraci, wace ce ba ta wasa da doka.

Ita ce Ripley, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta. Lokacin da aka dawo da abokin aikinta Kane bakin jirgin da wata halitta manne a fuskarsa, ta ƙi buɗe ƙofa saboda dokar killace mai cuta. Wani abokin aikinsu mai suna Ash ne ya buɗe. Daga wannan ƙofa duk masifar ta shigo, kuma can gaba za a gane cewa Ash mutum-mutumi ne da kamfani ya dasa, da umarnin a kawo halittar gida ko da ma'aikatan za su ƙare. Ka ga labari ke nan: kowace mutuwa tana da sanadi, kuma sanadin yana komawa ga shawarar da wani ya yanke.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne yadda aka yi rowar nuna dodon. Mai zane ɗan Suwizalan H. R. Giger ya tsara siffarsa, wanda ya shiga cikin rigar kuma Bolaji Badejo ne, ɗan Legas da ke karatun zane a Landan, siriri mai tsawon da ya haura mita 2. Scott ya san idan kyamara ta daɗe a kansa, za a gane mutum ne cikin rigar roba. Sai ya riƙa ba mu shi gutsi-gutsi: jela tana saukowa daga sama, haƙora cikin haƙora, yawu na dalala, sai duhu. Masu tatsuniya ma ba sa zayyana Dodo daga kai zuwa ƙafa, yaro ne ke ƙarasa shi a ransa. Sa'ad da kyaftin Dallas ya shiga bututun iska, abin da ke tsinka zuciya ɗigo ne kawai a kan na'urar abokiyar aikinsa Lambert yana matsowa, ita kuma tana kuka tana roƙonsa ya fita.

Yau kwamfuta ta sauƙaƙa komai, darakta zai iya rusa birni guda ba tare da ya ɗaga bulo ba. Da rowar ta tafi, sai dabarar ta bi ta. Abin mamaki, Scott da kansa ya faɗa wannan rami. Fim ɗinsa Prometheus na 2012 ya ci sama da dala miliyan 100, Alien kuwa kimanin miliyan 11. Hotunan Prometheus suna da kyau ƙwarai, babu musu. Amma a ciki ne masanin halittu ya ga wani abu mai kama da maciji a duniyar da bai sani ba, ya miƙa masa hannu yana lallashi. Ba halinsa ne ya sa shi ba, marubuci ne yake neman hanyar kai mu ga hoto na gaba. Mai kallo yana ganewa, daga nan kuma ya daina damuwa da wanda zai mutu.

Alien ya ci kyautar Oscar ta siddabarun hoto, don haka ba a ce masu shi sun raina ido ba. Sun dai sa hoton ya yi wa labari hidima. Wanda ke son koyon rubuta fim, ko a Kano yake ko a Legas, ya nemi Alien ya kalli awar farko da takarda da biro a hannu.