Sharhi a kan Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Rubutun Kundin Bincike

Darasin dabarun bincike da ake yi wa ɗaliban kimiyyar harshe ya fi mai da hankali ga siffar kundi: gabatarwa, babi-babi, kammalawa, da jerin manazarta. Wannan tsari, wanda aka gada daga makarantar Faransa, yana da amfaninsa, domin yana hana ɗalibi watsa tunani. Amma ana koyar da shi tun ɗalibi bai san yadda ake samo abin da za a zuba cikinsa ba. Aibi uku ke biyo baya.

Na farko shi ne rubuta misalai da rubutun yau da kullum. Tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 sun yi aiki a kan daidaita rubutu, kuma rubutun da ake amfani da shi ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Hakan ya wadatar wa mai karanta jarida, bai wadatar wa mai bincike ba. Kalmar "fari" tana iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye hatsi, ko mafarin abu. Karin sauti da tsawon wasali ne ke rarrabe su. Bargery ya nuna su a ƙamusunsa tun 1934, Abraham ma haka a 1949. Kundin da ya bar su ya ja da baya.

Na biyu shi ne gyaran maganar mutane. Ɗalibi kan ɗauko zance a ƙauyen Adar, ya ji "sunka", "hwara" da "ɗiya", sa'an nan ya rubuta "suka", "fara" da "ƴaƴa", yana zaton kuskure ya gyara. Alhali kuwa abin da aka aike shi nema ke nan ya share. Littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar ya sami daraja ne saboda ya bayyana karin harshen yadda masu shi ke faɗarsa.

Na uku shi ne ambaton littafin da ba a karanta ba. Manyan ayyukan nahawun Hausa, kamar nazarin Parsons na 1960 a kan ajujuwan aikatau da nahawun Newman na 2000, da Ingilishi aka rubuta su. Ɗalibin da ya tashi da Faransanci kan kwaso su daga kundin wani, kuskure ya yi ta gadon kuskure.

Lamarin bai tsaya ga jami'a ba. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, masu tsara littattafan firamare da na yaƙi da jahilci ke bukatar sanin yadda ake magana a kowane yanki. In bayanin da aka ba su gurɓatacce ne, manomin da ya zo koyon karatu ne zai biya.

Saboda haka ya kamata a juya tsarin darasin. A fara da ɗaukar maganar minti 5, ɗalibi ya rubuta ta da cikakkun alamomi, ya faɗi gari, da shekarun mai magana, da ranar ɗauka, malami ya saurara ya gwada. A haɗa da darasin karanta Ingilishi. Tsarin babi ya zo daga baya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.