BABI NA HUƊU: HOTON MAYE DA ALJANA A TSOFAFFIN FINAFINAN BAN TSORO NA TALABIJIN

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin muhallin wannan bincike, wato unguwar Mahuta da ke kudancin kogin Kaduna, kusa da matatar man fetur da aka buɗe a 1980, inda ƙabilu da dama suke zaune tare, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su. A wannan babi za a ɗora finafinai biyu a kan faifan nazari, wato *Dracula* na ƙasar Ingila (1958) da *Nagina* na ƙasar Indiya (1986). Za a dubi zubinsu da jigonsu da taurarinsu, sannan a auna su da abin da Bahaushe ya gada game da maita da iskoki. Manufar babin ita ce a nuna cewa sunan da mai kallo ya laƙaba wa abin tsoron da ya gani a fim yana iya sauya ma'anar fim ɗin gaba ɗaya.

4.1 Yadda Finafinan Suka Iso Gida

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Ibadan a 1959, na Kaduna kuwa ya biyo baya a 1962 a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. A wancan zamani tashar kan buɗe ne da yamma, ta rufe wajen tsakar dare. Shirye-shiryen gida irin su *Samanja Mazan Fama* ba su isa su cike waɗannan sa'o'i ba, don haka ake cike gurbin da tsofaffin finafinan Ingila da Amurka da Indiya, waɗanda suka riga suka gama yayinsu a gidajen silima.

Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Na farko, matan aure da yara, waɗanda al'ada ba ta yarda su je silima ba, sai ga silima ta same su har tsakar gida. Na biyu, da yake ba kowane gida ke da akwatin talabijin ba, kallo ya zama na taro, kuma a cikin taron akan sami wanda ya ɗan ji Turanci, ko ya daɗe yana kallon Indiya, ya riƙa yi wa saura tafinta. Shi ne yake raɗa wa taurari suna. Mai wannan bincike ya tarar da ragowar wannan al'ada yana yaro a Mahuta, ko da yake a lokacin tashoshin tauraron ɗan'adam da faya-fayan bidiyo sun karɓi aikin. A irin wannan zama ne ya fara jin an kira Dirakula da sunan "maye".

4.2 Zubi da Tsarin *Dracula*

Asalin labarin littafi ne da Bram Stoker ya wallafa a 1897. An sha mayar da shi fim, misali *Nosferatu* na Jamus a 1922 da wanda Bela Lugosi ya fito a ciki a Amurka a 1931. Wanda ake nazari a nan shi ne na kamfanin Hammer, wanda Terence Fisher ya ba da umarni, Christopher Lee ya fito a matsayin Dirakula, Peter Cushing kuma a matsayin Likita Van Helsing.

Zubin labarin miƙaƙƙe ne. Jonathan Harker ya shiga fadar Dirakula da sunan mai kula da ɗakin littattafai, alhali nufinsa ya halaka shi. Ya yi nasarar kashe matar da ke tare da Dirakula, amma rana ta faɗi kafin ya kai ga uban gayyar, sai reshe ya juye da mujiya. Don ramuwar gayya, Dirakula ya nufi Lucy, budurwar Harker, ya shanye mata jini, daga nan ya koma kan Mina, matar wan Lucy. Daga ƙarshe Van Helsing ya bi shi har fadarsa, ya fizgo labulen taga hasken rana ya shigo, ya gitta mazaunan kyandir biyu suka yi siffar gicciye, Dirakula ya ruɓe ya zama toka.

Babban abin yabo a tsarin wannan fim shi ne rowar da aka yi wa mai kallo. Dirakula bai yi magana ba sai a farkon fim, inda ya tarbi baƙonsa cikin ladabi da fara'a. Bayan nan ba a sake jin kalma daga bakinsa ba, sai ido da fiƙa da kiɗan James Bernard. Wannan ne ya sa wanda bai ji Turanci ba bai yi asarar komai ba a wuraren ban tsoro. Asarar tana wurin maganganun Van Helsing, domin a bakinsa ne aka zuba bayanin ko wane iri ne wannan halitta, da abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa. Mai kallon da wannan bayani ya wuce shi dole ya cike gurbin da abin da ya sani, kuma abin da ya sani shi ne maita. Haka nan kamfanin ya dogara ƙwarai da launi, musamman jan jini, wanda tun a buɗe fim aka nuna yana ɗiga a kan makwancin Dirakula. A akwati mai hoto baƙi da fari wannan jini baƙi yake fitowa.

4.3 Dirakula da Maye: Inda Suka Yi Kama

Wanda ya kira Dirakula maye yana da hujja. Da farko, dukkansu suna rayuwa ne da ran wani: maye yana kama kurwa, Dirakula yana shan jini, kuma wanda aka kama a duka biyun yakan kwanta ya rame a hankali, masu magani su rasa gane kansa. Na biyu, abin yana yaɗuwa. Bahaushe ya yi imani ana gadon maita ko a saye ta, ta hanyar haɗiye ƙanƙarar maita, wanda Dirakula ya ciza kuwa shi ma yakan tashi ya zama irinsa. Na uku, duka suna da makari, kuma tafarnuwa da Van Helsing ya sa a ɗakin Lucy tana cikin abubuwan da Bahaushe yake turare da su don korar miyagun abubuwa. Na huɗu, ɓarna ba ta samuwa sai da hannun na gida. Lucy ce da kanta ta roƙi mai aikin gidan ta kwashe furannin tafarnuwa ta buɗe taga, kuma akwatin gawar Dirakula a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Mina aka same shi, maza suna can waje suna gadi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

4.4 Inda Suka Bambanta

Duk da haka kama da wane ba ta wane ba ce. Dirakula gawa ne da ya ƙi kwanciya, don haka ta wannan fuska ya fi kusa da fatalwa. Baƙo ne, basarake mai fada a bayan duwatsu, kuma fim ɗin ya nuna wa mai kallo laifinsa ƙuru-ƙuru, da jini a baki. Maye kuwa a tunanin Bahaushe rayayyen mutum ne, maƙwabci ko kishiya ko tsohuwar da ke ƙarshen layi, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifinsa da ido. Hujjar da ake kafawa a kansa ita ce sambatun majinyaci da zazzaɓi ya rufe, ko faɗar mai magani. Bugu da ƙari, Van Helsing ya ƙaryata cewa irin su Dirakula suna rikiɗa su zama jemage ko kyarkeci, alhali rikiɗa tana cikin abin da ake jingina wa maye.

Bambanci mafi muhimmanci yana wurin warware rikici. A al'adar Bahaushe abin da ake nema wurin wanda aka zarga shi ne ya saki kurwa, galibi ta hanyar tsallake majinyaci, Sarkin Mayu kuma aikinsa karɓo kurwa ne. Wannan ma wulaƙanci ne babba, tabonsa kuwa har jikoki, domin akan ƙi auren zuriyar. Amma a *Dracula* magani ɗaya ne tak: kisa, ko da turke a ƙirji ko da hasken rana. Fim ɗin ya ƙawata wannan kisa, inda bayan an soke Lucy aka nuna fuskarta ta koma cikin natsuwa, wato kisan ya zama jinƙai. Wannan ya zauna daidai a cikin labarin, tun da wadda aka soke ta riga ta mutu. Idan aka cire sunan Dirakula aka sa "maye", darasin da yaro zai tashi da shi shi ne cewa kashe maye taimako ne, kuma mai ja da haka wawa ne irin wan Lucy, wanda ya yi ta gardama har ƙanwarsa ta salwanta.

Mai wannan bincike ya shaida lokacin da yaran layinsu suka riƙa bin wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da kirarin "kurwata kur", suna gitta mata yatsu kamar yadda suka gani a fim, bayan rasuwar wani yaro da zazzaɓi ya kashe. Ba a taɓa lafiyarta ba, amma ciniki ya tsaya, daga baya ta bar unguwar. Ba fim ne ya ƙago zargin maita ba, domin ya girmi talabijin nesa ba kusa ba, har dokar Final Kod da aka soma aiki da ita a Arewa a 1960 ta sanya zargin mutum da maita cikin laifuffuka. Abin da fim ya ƙara shi ne hoto, ya ba abin da a da ake ji a baki fuska da haƙora.

4.5 *Nagina* da Auren Aljana

*Nagina*, wanda Harmesh Malhotra ya ba da umarni, ya bi wata hanya dabam. Sridevi ta fito a matsayin Rajni, macijiya mai rikiɗa mutum, wadda ta auri Rajiv, wato Rishi Kapoor. Amrish Puri ya fito a matsayin Bhairon Nath, boka mai wasa da macizai, wanda ya fallasa asirinta ga surukarta, alhali burinsa shi ne ya mallaki wani dutse mai daraja da ita ta san maɓoyarsa.

Babu abin da ya baƙunci Bahaushe a nan. Ya san gardi, ya san labarin macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, ya san Danko ɗan Musa a cikin iskokin bori, ya kuma san zancen aljana mai auren bil'adama. Larkin (1997) ya nuna cewa Hausawa sun karɓi finafinan Indiya ne domin suna ganin rayuwa mai kama da tasu a ciki, kuma wannan fim shaida ne. Sai dai jigonsa ya juya abin da mai kallo yake zato. Wadda aka nuna da yatsa ita ce mai kare mijinta, mai nuna yatsan kuwa, wanda ya zo da rigar taimako, shi ne azzalumi. A fitacciyar rawar fim ɗin, inda boka yake busa don ya tilasta mata komawa macijiya, tausayin mai kallo yana wurinta. Rauninsa shi ne tsawo da yawan waƙoƙi da barkwanci, waɗanda suke sanyaya tsoro, don haka ta fuskar tsari *Dracula* ya fi shi ƙarfi. Ta fuskar jigo kuwa *Nagina* ya fi amfani ga al'ummar da zargi yake raba ta, domin yana sa mai kallo ya tambayi abin da mai zargi zai samu.

4.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda tsofaffin finafinan ban tsoro suka shigo gidajen Kaduna ta talabijin, da yadda tafintan tsakar gida ya mayar da Dirakula maye. An nuna cewa kamannin da ke tsakaninsu na zahiri ne, amma sun saɓa a kan ko wane ne mai laifi, da hujjar laifinsa, da hukuncinsa. An kuma ga cewa *Nagina* ya ɗora alhaki a kan mai zargi. Tun da a yanzu fassara finafinan waje zuwa Hausa ta zama sana'a, aikin da tafintan tsakar gida yake yi wa mutum ashirin ya koma hannun masu yi wa dubban jama'a. Ra'ayin wannan bincike shi ne a kira irin su Dirakula "fatalwa mai shan jini", a bar kalmar "maye", domin ita ana kiran rayayyun mutane da ita. Babi na gaba zai dubi yadda waɗannan hotuna suka sake ɓulla a finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka soma da *Turmin Danya* a Kano a 1990.