Karatun Duwatsun Makabartar Yahudawa ta Firag

Masu sukar buɗe tsohuwar makabartar Yahudawa ta birnin Firag ga 'yan yawon buɗe ido suna cewa cin kasuwa ne da matattu: a yanki tikiti, a ɗora 'yar hula a ka, a bi layi ana ɗaukar hoto. Wannan suka ba ta da nauyi a wurina. Makabartar da ƙafa ta ɗauke mata, ciyawa da magina ke gadonta, ita kanta wannan an yanki wani sashenta lokacin da aka rushe unguwar Yahudawa a farkon ƙarni na 20. Yau Gidan Tarihin Yahudawa na Firag, wanda aka kafa a 1906, shi ke kula da ita.

Kabari mafi tsufa da aka sani a cikinta na malami Avigdor Kara ne, wanda ya rasu a 1439, an kuma daina binnewa a 1787. Addininsu ya hana tone kabari, fili kuma ba ya samuwa yadda ake so, sai suka riƙa zuba ƙasa a kan tsofaffin kaburbura suna binne sababbi, suna ɗago tsofaffin duwatsun zuwa sama. Haka duwatsu wajen 12,000 suka cunkushe, wannan ya jingina da wancan. Duk mai son a miƙe su a jera su tsaf bai fahimci wurin ba, domin cunkoson shi ne shaidar ƙuncin da aka zaunar da mutanen.

Abin da ya fi jan hankalina aikin masassaƙan ne. Hannu biyu a buɗe, yatsu a rarrabe bibbiyu, na nufin mamacin daga zuriyar Annabi Haruna yake, masu sa wa jama'a albarka. Buta alamar Lawiyawa ce, masu zuba wa waɗancan ruwa a hannu. Dabbobi suna ne: zaki na Yahuda ko Leb, barewa ta Zebi, kerkeci na Ze'eb. Almakashi na tela ne. Ko wanda bai iya harafin Ibrananci ko ɗaya ba, yana iya sanin dangin mutum da sunansa da sana'arsa kafin ya ɗaga ƙafa.

Rubutun ya fi haka zurfi. Ba a sa shekarar rasuwa da lambobi, da haruffa ake sa ta, kowane harafi da adadinsa, yawanci a bar dubbai, mai karatu ya cike da kansa. Gwanayen marubuta sukan ɗauko aya, su yi wa wasu haruffanta alama, in ka tara lissafinsu shekarar ta fito. Duk wanda ya taɓa warware ramzi a ƙarshen waƙar ajami ta malaman Sakkwato zai gane dabarar nan take. Wani lokacin ma haruffan farkon layuka ne ke haɗa sunan mamacin. Adabi ne cikakke, mai ƙa'idoji, da gwanaye da 'yan koyo, sai dai a kan dutsen da ruwan sama ke ci kullum aka rubuta shi. Shi ya sa nake ganin aikin adanawa na farko shi ne kwafe rubutun da fassara shi, gyaran katanga ya biyo baya.

A nan ne nake da ƙorafi kan masu yi wa baƙi jagora. Ɗiban mutane suke yi kai tsaye zuwa kabarin Rabbi Loew, wanda ya rasu a 1609, su ba da tatsuniyar Golem, mutum-mutumin yumɓu da aka ce ya hura wa rai, alhali sai bayan rasuwarsa da ƙarni biyu aka fara jingina masa labarin a rubuce. Baƙi su aje 'yan tsakuwa da takardun buƙata su wuce. A makabartar nan kuwa akwai David Gans, masanin taurari da tarihi da ya yi mu'amala da masanan taurari Tycho Brahe da Kepler, ya rasu a 1613. An sassaƙa masa dinya a dutsensa saboda ma'anar sunansa ke nan, da tauraro mai kusurwa shida, amma da wuya ka ga ayarin baƙi ya daɗe a gabansa.