Sharhi a Kan Fassarar Sifofin Inuwa

A cikin aikin tsara kalmomin yaƙi da jahilci, wata ɗabi'a ta kama masu fassara: duk inda Faransanci ya zo da sifa, sai su ce dole Hausa ta ƙirƙiro sifa. Kalmar inuwa ta isa ta nuna illar wannan hanya.

Latin yana da suna umbra, watau inuwa. Daga gare shi aka samo umbrosus, tushen ombreux na Faransanci, wanda ake faɗa wa wurin da inuwa ta rufe da kuma itacen da ke ba da ita. Hausa ta riga ta tanadi wannan: wuri mai inuwa, itace mai inuwa. Sabuwar kalma ba ta da gurbi a nan. Wanda kuma ya sa «mai duhu» ya kauce, domin manomin Malbaza ko Illela yana bambanta duhun dare da inuwar gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

Wahalar tana ga umbratilis. Cicero ya yi amfani da ita wajen kushe rayuwar mai zaman inuwa, wanda bai fita rana ya sha ƙurar dandali ba. A ƙasar Hausa kuwa inuwa mafaka ce. Ana shiga inuwar babba don neman kariya, ana kiran Muhammadu da laƙabin Inuwa. Karin magana ma, da ta ce inuwar giginya na nesa ka sha, mai inuwar take zargi saboda ya hana na kusa. Saboda haka fassarar «ɗan inuwa» yabo za ta zama a kunnen ɗalibi, alhali zambo aka nufa. Cima-zaune ta fi kusa. Haka ombrageux, da ake faɗa wa doki mai firgita da inuwa: «mai inuwa» ɓata ce, «mai firgita» ita ce daidai.

Saura furuci. A Birnin Ƙonni ana cewa inuwag gawo, da ninka baƙi, irin Hausar Adar da Bernard Caron ya bayyana a 1991. A rubuta inuwar gawo, malami kuma ya bar ɗalibi ya karanta da bakin garinsu.

Shawararmu ga masu tsara ƙamus ita ce: kafin a shigar da kalma, a gwada ta cikin jimla a gaban dattawan karkara, a ji abin da suka fahimta.