Babin Faɗuwa

Tun ranar da na kai ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, wani zaure a nan Kano inda ake koyar da judo, wato kokawar nan ta mutanen Japan, na kuma zauna bisa benci mako uku cur ina kallo ba a nuna masa yadda zai kayar da kowa ba sai yadda shi zai faɗi, wata magana take yi mini kai-kawo a zuci, har na ga gara in rubuta ta in huta.

Ga abin da suke yi. Yaro zai tsuguna, ya kafa haɓarsa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya sulale ta baya, da zarar gadon bayansa ya isa shimfiɗa sai ya maka mata hannuwa biyu, tafi a buɗe, fam! domin nauyin faɗuwar ya watsu, kada ya taru a gaɓa ɗaya. Ya tashi, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga. Daga nan a koma faɗuwar gefe, dama da hagu, sa'an nan ta gaba wadda ake mirginawa bisa kafaɗa. Ukemi suke kiran wannan. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda shi ma ya kawo ɗansa, haƙuri ya ƙwace masa, ya ce da mai koyarwar, "Malam, ni fa na biya kuɗina ne a mayar mini da yaro namiji, ba buhun gero ba." Mai koyarwar ya rusuna ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Wanda ke tsoron ƙasa ba ya kai hari, in kuwa bai kai hari ba, ina zan ga kuskurensa balle in gyara masa?"

Wannan zance ya yawaita yanzu a bakin masu koyar da judo da karate da taekwondo, cewa a bar almajiri ya yi kuskure, a kayar da shi, kada a kunyata shi, har wasu na ɗaukarsa wata sabuwar hikima ce ta zamani, alhali kuwa tsohuwa ce. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, kuma sunansa ya yi kama da na birninmu ba tare da wata dangantaka ba, an haife shi a 1860, mutum ne ƙaramin jiki, kuma malaminsa na farko, Fukuda, da kayarwa ya karantar da shi, a ɗauke shi a buga da ƙasa ya tashi a sake, har jikinsa ya fahimci abin da baki bai yi masa bayani ba. Da ya kafa makarantarsa, Kodokan, a 1882, cikin wani ɗaki mai shimfiɗa goma sha biyu a wani gidan ibada a Tokyo, sai ya ba da muhimmanci ga abin da suke kira randori, wato gwajin da mutum biyu ke yi a sake, babu alƙali, babu lissafin wa ya ci, kowa yana jarraba dabarar da bai ƙware a kanta ba, ya kuma san zai sha ƙasa saboda ita.

Ni abin da wannan ya tuna mini shi ne karatun zaure. Duk wanda ya durƙusa gaban malami da littafin Ahalari ya san cewa kaso mai yawa na ɗan littafin nan a kan rafkanuwa yake, wanda ya rage sunna ya yi kabli, wanda ya ƙara ya yi ba'adi, wanda ya yi kokwanto ya yi gini bisa abin da ya tabbatar. Domin malaman fikihu, da suka san ɗan Adam ajizi ne, ba su tsaya ga cewa kada a manta ba, sai suka buɗe wa mantuwa babi, suka shimfiɗa mata ƙa'idoji, yadda mai salla ba zai watsar da sallarsa ya gudu don ya yi tuntuɓe a raka'a ta biyu ba. To, ukemi shi ne babin rafkanuwa na judo, shi ya sa aka gabatar da shi.

Mu a kokawarmu ba mu da wannan babi, ko kuwa in ce ni ba a karantar da ni shi ba. Ina yaro, wata kaka, a dandalin ƙauyenmu da farin wata, wani sa'ana ya saka mini ƙafa, na tafi ta baya, na miƙa hannu a sandare don in tare ƙasa, wuyan hannun ya goce. Maɗori ya gyara ƙashi cikin 'yan makonni, amma dariyar 'yan mata da shewar da aka yi, waɗannan babu maɗorinsu, ban ƙara shiga fili ba har yau. Ba laifin kowa ba ne, haka wasan yake: a kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, a dambe kuwa faɗuwa sunanta kisa, ko da gwiwa ce kawai ta taɓa ƙasa a turmin farko. Yanzu da wayoyin hannu suka shigo, kisan da dā 'yan kallon gida ɗaya ne shaidunsa ya zama ana maimaita shi a Facebook shekara da shekaru, ba mamaki in ƙaramin ɗan dambe ya riƙa noƙewa daga sa zare da wanda ya fi shi. Da Chika Chukwumerije ya yi wannan lissafi bayan an fitar da shi a karawarsa ta farko a taekwondo a gasar Olamfik ta 2004, da bai ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a Beijing a 2008 ba.

Sai dai ina da sharaɗi, kuma a nan ne na rabu da wasu masu wannan da'awa. Malaman fikihu ba su ce rafkanuwa ado ce ba, gyara suka wajabta. Malamin da zai ga yaro yana maimaita kuskure guda wata uku, yana tafa masa yana cewa ba kome, ya jefa shi cikin jahilci murakkabi, bai iya ba kuma bai san bai iya ba, kuma lalacin malamin ne aka sa wa rigar hikima. Haka nan ba kowane kuskure ne ke da arha ba; faɗuwa bisa shimfiɗa daban, dunƙulen hannu naɗe da zare a kan muƙamuƙi daban, ƙwaƙwalwa ba allo ba ce da za a wanke a sake rubutu. Wurin kuskure shi ne filin gwaji, gaban malami, da abokin da ya san lokacin sassautawa, kuma irin wannan fili nake roƙon manyan 'yan kokawa da iyayen gidan dambe su keɓe wa yaransu, babu kalangu, babu kirari, babu mai ɗaukar hoto.

Ranar Laraba da na je ɗauko yaron, na tarar wani wanda bai kai shi tsawo ba yana ta jifa da shi. Muna tafe a hanya ya ce, "Baffa, sau tara ya kayar da ni, amma na gano shi, duk ta ƙafata ta hagu yake shigowa, ni ne kuma nake miƙa masa ita. Asabar da wuri za ka kawo ni." Na ce to, ina murza wuyan hannuna na dama, wanda har yanzu yake yi mini tsami in hunturu ya shigo.