Duhun Gidan Hardwick da Launin da Ba Zai Dawo Ba

A shekarar 2023 hukumar National Trust ta Ingila ta kammala aikin shekara 24 na gyaran dardumomin bango 13 da ke gidan Hardwick Hall. An saƙa su a 1578 da ulu da siliki, ɗauke da labarin Gidiyon na Baibul, kuma mai gidan, Bess ta Hardwick, ta saye su a shekarun 1590. An wanke su a Beljiyam, aka ɗinke inda ya rarake da hannu, aka mayar da su bango. Aikin ya cancanci yabo, amma akwai abin dubawa.

Mai ziyara irin waɗannan gidaje yakan yi ƙorafin duhu: an saki labule, fitilu ba ƙarfi. A nan dai masu kula da gidan ne ke da gaskiya. Haske yana karya sinadaran rini, ya kuma raunana zare, musamman siliki. Ɓarnar taruwa take yi. Ana auna haske da luks, kuma awa 10 a luks 500 kusan daidai take da awa 100 a luks 50. Shi ya sa ake tsayar da hasken tufafin tarihi a kusan luks 50. To, ga Hardwick kuma gida ne da ya yi suna wajen manyan tagogi.

Matsalar tana ga tunanin da mai kallo yake tafiya da shi. In ya ji an ce "an gyara", sai ya ɗauka abin da Bess ta gani ke nan. Ina! Wanki yana cire ƙura, ba ya dawo da launin da ya koɗe. Ka lura da ganyaye a tsofaffin dardumomin Turai, da yawa shuɗaye ne. Asalinsu kore ne: an rina zaren da shuɗi, aka ɗora rawaya a kai. Rawayar ta gudu, shuɗin ya tsaya, don sinadarinsa ɗaya ne da na babar marinar Ƙofar Mata, mai jure haske. In ka juya bayan darduma, inda rana ba ta taɓa ba, sau da yawa za ka tarar da launin da sauran ƙarfinsa.

Don haka rage haske kawai bai isa ba. Ya kamata kusa da kowace darduma a ajiye hoton bayanta, ko sabon saƙi da aka rina da rinin wancan zamani, mai kallo ya kwatanta da idonsa. A kuma faɗa masa gaskiya: ko a luks 50 koɗewa ba ta tsayawa, jinkirta ta kawai ake yi. Duk awar da aka buɗe ɗakin, an ɗebi wani abu daga rabon masu zuwa nan da shekara 100. Wanda ya san haka ba zai ƙara cewa a ɗaga labule ba.